Azumin da Na Kasa Tsare Ƙofa

Azumin bana ya faɗo cikin zafi, irin zafin Minna na kafin saukar ruwa, wanda duwatsun gari ke sha da rana su yi ta amayo shi har bayan magariba. Jikokina sai raki suke yi, wai ba su taɓa ganin azumi irin wannan ba. Ni na gani. Azumi yakan yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya zagayo inda ya bar mutum, ga shi kuwa ya zagayo ya same ni a tsakar gidan nan namu na Tudun Fulani, ko bishiyar mangwaron ba ta gusa ba. Shekaranjiya da la'asar Sani, jikan yayar maigidana, ya zo daga Beji da doya a bayan mashin, kamar yadda yake yi duk azumi. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa, na sa masa albarka. Mutumin kirki ne, kuma ba shi da laifin komai. Amma da aka sha ruwa na ture kunun gefe ban taɓa shi ba. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da ya faru a wancan azumin, tunda waɗanda nake jin nauyinsu duk ƙasa ta rufe musu ido.

Lokacin sojoji ke mulki, kaya sun yi tsadar da ba mu saba da ita ba. Maigidana tela ne, Malam nake ce masa. Kakansa ne ya biyo aikin jirgin ƙasa daga Kano ya zauna a Minna, su kuma suka tashi da keken ɗinki. 'Ya'yanmu biyu a lokacin, mace mai shekara bakwai da ƙaninta mai shekara uku.

Macen ita ce ta fari, kuma sunan mahaifiyar Malam aka sa mata. Kunya biyu ke nan a kan yarinya ɗaya. Yadda aka tarbiyyantar da mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke rugawa ta ɗaga shi ba. In ta yi, a ce ba ta da kunya, a yi ta yi da ita har ta tsufa. Ubanta da danginsa Uwale suke ce mata saboda sunan tsohuwarsu. Ni ko Uwalen ban taɓa faɗa ba. "Ke" nake ce mata, in kuma da wani nake magana in ce "yarinyar nan". Da ta isa yaye, yayar Malam ce ta zo ta ɗauke ta, Yaya Delu, wadda ke aure a Beji gidan wani mai fataucin doya. A hannunta ta zauna har ta shekara huɗu. Na faɗi wannan ne don a san matsayin Yaya Delu a wurin yarinyar, da kuma nawa.

Bayan kaka kumburi ya fito mata a muƙamuƙin hagu. Muka ce haƙori ne. Da ya ƙi sacewa muka ce hangum ne. Wanzami ya zo ya yi tsaga, aka sha rubutu, aka shafa duk abin da aka ce a shafa. Kumburin sai gaba yake yi kamar ana hura shi, haƙoranta na wannan gefen suka fara girgiɗi, idon hagu ya fara turowa. Maƙwabciyarmu ta katanga ɗaya ce ta tsaya mana a ka, Maman Ladi, Kirista ce 'yar wajen Kafancan, tana aiki a wani ƙaramin asibiti a cikin gari. Ita kaɗai ce a unguwar ke ce min Maman Uwale, kullum in ta faɗa sai na ji kamar in nutse.

"Maman Uwale, wannan ba aikin wanzam ba ne," in ji ta da irin Hausarta. "Ku kai shi asibiti, yarinya nan yana lalacewa a gaban ku."

Muka kai ta asibiti a nan Minna, suka duba suka ce sai Zariya. Na kai ƙaninta wurin innata a Kagara, muka shiga jirgi cikin watan Sha'aban, ni da Malam da ita, Maman Ladi ta ɗauki hutu ta raka mu. A wurin yankar kati mai rubutu ya ce, "Sunan yarinya?" Na dubi Malam, Malam ya dubi ƙasa, sunan uwarsa ne. Mutumin ya riƙe biro yana kallonmu kamar waɗanda suka sato 'yar mutane. Maman Ladi ce ta yi tsaki ta faɗa masa. A lokacin har dariya abin ya ba mu.

Likitan saurayi ne, Hausarsa tas. Ya ce wani irin ciwon daji ne da ke kama yara a muƙamuƙi, kuma yana jin magani in an zo da wuri. Sannan ya ce ba zai ɓoye mana ba, maganin guba ne. Aikinsa ya kashe duk abin da ke saurin tofo a jiki, kuma ba ya zaɓe. Zai kashe kumburin, zai kashe gashin kai, zai saɓule fatar cikin baki. Abin da ya fi damunsa kuwa, a cikin jinin kowane mutum akwai wasu fararen ƙwayoyi da ido ba ya gani, su ne masu gadin jiki. Su ma kisa ne sana'arsu. In cuta ta shiga sukan far mata, har naman jikin da ta ɓuya a ciki sukan kashe don kada ta yaɗu. To maganin nan su ma ba zai bar su ba. Za su sake tofowa, amma sai bayan makonni.

Malam, da yake ya taɓa noma, ya ce, "Wato kamar a sa wa gona wuta saboda ciyawa."

"Haka ne," in ji likitan. "Har da shingen."

Na ga nas ɗin da ta haɗa maganin ta sa safar hannu, tana kaffa-kaffa kada ɗigo ɗaya ya taɓa mata fata. Abin da take gudu ya taɓa bayan hannunta, shi ta ɗura a jijiyar yarinya mai shekara bakwai. Kwana biyu yarinyar tana amai har ta koma kakari. A rana ta huɗu na lura ɗankwalin da nake ɗaure mata haɓa da shi ya yi sako-sako. Kafin mako ya zagayo kumburin nan da ya gagari wanzami da malamai ya sace, ido ya koma mazauninsa. Na shiga bayan gida na asibitin na yi kuka, don a nan ne kawai ba mai ganina. Aka yi mata na biyu ana jibi azumi, aka ce mu je gida mu dawo bayan mako uku.

Kafin mu fito likitan ya lissafa mana sharuɗɗa. Ruwan da za ta sha a tafasa. Ban da taro. Ban da duk mai tari ko zazzaɓi. Ya tambaya ko ta taɓa yin ƙyanda, ko an yi mata allurarta, muka ce ko ɗaya. Ya ajiye biro ya ce lokacin zafi lokacin ƙyanda ne, kada a bar yaro ko ɗaya ya shiga inda take. Sai ya dube ni.

"Ke ce uwarta?"

Na sunkuyar da kai.

"To ke ce mai gadinta yanzu, tunda nata mun kashe su. Mako uku kawai nake roƙo."

Muka dawo muka tarar da Minna kamar tanda. Famfon unguwa ya daɗe da ɗaukewa. Rijiyarmu ta ja baya har guga na kankaro laka, sai ka jira ta tara sannan ka samu rabin guga. Da an yi sallar asuba ni da Maman Ladi da 'yarta mukan ɗauki bokiti mu gangara wata rijiya da ke bakin fadama, sahu uku kafin rana ta yi ƙarfi. Ita ba azumi take yi ba, don haka sahu na uku takan karɓi nawa ta ce in zauna. Kalanzir ya yi wuya, sai itace, wanda matan Gwari ke shigowa da shi a kafaɗa. Kullum da hantsi nakan hura wuta in tafasa ruwan yarinyar, ina azumi, ga rana a ka ga wuta a gaba. In juye shi a wani tulu nata daban, in naɗe tulun da jiƙaƙƙen buhu, in ajiye a inuwa. Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙen buhu sai azumin nan ya dawo min sabo.

Bakinta duk ya yi gyambo. Kunun tsamiya da muke buɗa baki da shi ba ta iya sha, yana yi mata zafi, sai na riƙa dama mata koko marar tsami mai ruwa-ruwa. Ƙosai kuwa sai dai ta ji ƙamshi. Mangwaro ya nuna a shekarar har yana zuba da kansa, nakan wanke da ruwan zafi in fere in matse mata a kofi. Gashinta ya fara bin matashi. Wata safiya na zo gyara mata kitso sai kitson guda ya biyo hannuna. Ta karɓa ta duba, ta ce in ajiye mata za ta nuna wa Gwaggo, wato Yaya Delu.

Azumi lokacin tela ne. A da zaurenmu cika yake yi da mata da yara masu kawo ɗinkin Salla. Malam ya fitar da kekensa waje gindin wata dalbejiya, can yake gwada yara, can yake yanka. Ni kuma daga ciki ina yi masa kalmasa da sa maɓalli, zaune a bakin ƙofar ɗakin da take. Na rataya asabari a ƙofar don iska ta shiga, ita kuma ta riƙa hango tsakar gida ta tsakanin karare. Wurin zamana ke nan daga hantsi har la'asar, allura a hannu, harshe kamar busasshen fata.

Labari ya bazu cewa kumburin Uwale ya sace, mata suka fara zuwa barka. Kowa ya san dubiya ba abin da ake hana mutum ba ne, lada ya zo nema, kuma baƙonka annabinka. Kowace da goyonta, wata da biyu a hannu. Nakan tare su a tsakar gida in shimfiɗa tabarma, in ce ta samu barci. Ran farko suka yarda. Ran na uku wata ta ce, "Wannan barci na Uwale ko na mutanen kogo." Aka yi dariya, ni ma na yi. Da na gaya musu abin da likita ya ce, sai suka dubi juna. Me ke jikin 'ya'yansu da za a ce kada su shiga? Daga nan magana ta fara dawo min ta bakin masu talla. Wai Asabe ta je Zariya ta koyo iyayi. Wai ta mai da 'ya gwal. Wai 'yar fari ce fa, ko kunya ba ta ji, ta zauna ta tsare ta kamar kaza da ƙwai. A unguwarmu in an kusa shan ruwa kwanuka ne ke yawo gida-gida, ka aika da kunu a maido maka da ƙosai. Gida biyu suka fara maido min da kwanona wanke tas, ba komai a ciki.

Malam ya ce, "Mutane fa suna magana, Asabe."

Na ce, "Na ji, Malam. Saura kwana goma sha uku."

Ba zan yi masa ƙarya ba yana kabari, bai taɓa ce min in buɗe ƙofar ba. Amma bai taɓa fita ya ce wa kowa shi ya sa a rufe ba. Ya bar ni da matan unguwa, ya koma gindin dalbejiya.

Kwana takwas na tsare ƙofar nan. Ina alfahari da kwana takwas ɗin, don su kaɗai nake da su.

Ran tara ga azumi, bayan azahar, rana ta take, ko kaji sun buɗe baki a ƙarƙashin rumbu. Malam ya tafi kasuwa sayen zare. Mata biyu na unguwa suna zaune a tabarmata sun kawo gyaran riga. Sai ga sallamar Yaya Delu. A-kori-kurar doya ta biyo daga Beji, ta sauka a bakin titi ta tako da ƙafa, da azumi a bakinta, doya biyar a ka, goyo a baya. Leɓɓanta sun tsage. Na tashi na sauke mata kaya, na durƙusa na gaishe ta. Goyon jikanta ne, Sani, bai cika shekara biyu ba, uwarsa ta kwanta ciwon sabon ciki shi ya sa ta taho da shi. Da ta juya na ga fuskarsa. Ido ja wur yana hawaye, hanci na zuba, ga wani busasshen tari.

"Ina uwar tawa?" in ji ta.

"Tana ciki, Yaya. Ta samu barci."

Sai muryar yarinyar daga bayan asabari: "Gwaggo, ga ni nan."

Yaya Delu ta nufi ƙofar. Ban san lokacin da na sha gabanta ba.

"Yaya, likita ya ce kada a shigar mata da yara."

"Wannan ɗin? Haƙori yake fitarwa, ga zafin mota."

"To kawo shi in riƙe miki, ke ki shiga."

Na kai hannu, yaron ya ƙanƙame ta ya tsala kuka, bai san ni ba. Ta jijjiga shi, ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Ba da fushi ta yi maganar ba, da ma da fushi ne, da wataƙila na samu abin riƙewa. Da murmushi ta yi ta, irin na babba da ya kama yaro yana abin kunya.

"Asabe, yaushe idonki ya buɗe haka? 'Yar fari kike tsaya wa a ƙofa, a gabana? Ni na yaye ta, ni na san kashinta da fitsarinta. Ke haihuwa kawai kika yi. Ashe abin da ake faɗa min a Beji gaskiya ne."

Matan nan biyu suka sunkuyar da kai suna dariya ƙasa-ƙasa. An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, to ni ranar nan haukan ne ban samu ba. Abin da nake so a sani shi ne, Yaya Delu ba ta ture ni ba. Ko taɓa ni ba ta yi ba. Da ƙafata na matsa gefe, da hannuna na ɗaga mata asabarin.

Na koma na ɗauki allurata. Daga inda nake ina jin su. Yarinyar ta nuna mata kitson da ta ajiye, Yaya Delu ta yi kuka, ta shafa muƙamuƙin tana ta hamdala. Ta kwance goyon ta ɗora mata a cinya ta ce, "Ga mijinki na kawo miki." Yarinyar ta yi dariya, dariyar da rabona da jin ta tun kafin kaka. Yaron yana tari a fuskarta tana share masa hanci da gefen zaninta. Ni kuma ina waje ina sa maɓalli a rigar ɗan wani. Na ce wa raina wataƙila haƙorin ne. Na faɗa ya fi sau ɗari kafin a kira magariba.

Maman Ladi ta taso daga aiki gab da shan ruwa, ta leƙo kamar kullum. Ta ga yaron a tsakar gida ana ba shi ruwa. Ta ɗauke shi ta buɗe bakinsa ta juya shi wajen haske, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ja ni bayan rumbu.

"Wannan yaro ƙyanda ne, gobe ko jibi zai fito. Ya shiga ɗaki?"

Na kawar da kai.

"Maman Uwale, wa ya bari shi ya shiga?"

Na ce, "Yayar Malam ce."

"Ban tambaya wa ya kawo shi ba."

Da safe Yaya Delu ta koma Beji ranta a ɓace, ta ce maƙwabciya ce ke hure min kunne. Bayan kwana uku wani mai doya ya tsaya wurin Malam ya ce a gaya mana ƙyanda ta feso wa Sani, amma da sauƙi.

Maman Ladi ta ce in cutar ta shiga, sai ta yi kamar kwana goma kafin ta nuna. Ban taɓa ganin kwanaki masu tsawon waɗannan ba. Kullum da la'asar hadari yakan haɗu ta gabas, ya yi baƙi, iska ta taso ta kwashe shanya, sai ya watse ba ɗigo. Zafin da ke biyo baya ya fi na da. Mutanen ƙauye sun yi tulin doya suna jiran ruwa, a masallatai ana ta roƙo. Ni ma ina roƙo, amma ba ruwa nake roƙo ba. Na ci gaba da tafasa ruwan tulu, na ci gaba da zama a bakin ƙofa ina korar mata, kamar mai toshe rami bayan ɓera ya shige. Yarinyar kuwa sai kyau take ƙarawa. Bakin ya warke, ta ci tuwo, ta ce ƙosai take so. Malam ya yanka mata atamfa mai ruwan ganye, ya yi ɗankwalin da faɗi don ya rufe kan. Ran goma sha takwas har na fara cewa mun tsira.

Ran ashirin da hantsi na taɓa goshinta na ji kamar murfin tukunya. Ranar ce ya kamata mu koma Zariya. Kafin la'asar tari ya zo, washegari numfashi ya fara yi mata wuya, ba ta yadda za ta iya tafiyar jirgi. Muka kwantar da ita a asibiti a nan Minna. Suka yi iyakar ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu.

Ƙurajen ba su fito ba, sai 'yan tsiraru a bayan kunne. Matan da suka zo dubiya, yanzu kam ba mai hana su, suka ce ƙyandar ce ta shige ciki, a jiƙa wannan a ba ta, a shafa wancan don ta feso. Na tambayi Maman Ladi ko akwai abin da zai fito da ita. Ta zaunar da ni a kan benci ta ce ƙurajen da ake gani a jikin mai ƙyanda, alamar faɗa ce, masu gadin nan ne ke kashe cutar a cikin fata. Sani ya feso ne don nasa suna nan. Ita kuwa ba wanda zai yi faɗan, cutar ta wuce kai tsaye ta sauka a huhu. Na dubi fuskar yarinyar, sumul, muƙamuƙi daidai da ɗan'uwansa, ido daidai da ido. Ciwon da ya kai mu Zariya ya tafi. Gubar ta cika alkawarinta, ni ce ban cika nawa ba.

Yaya Delu ta zo ran ashirin da uku, wannan karon ba goyo. Ta hau gadon ta ɗora kan yarinyar a cinyarta, ba ta ƙara sauka ba sai salla. Haka ya dace, ita ce uwar da ake gani. Ni ina tsaye wajen ƙafafu, ina miƙa ruwa, ina karɓar kwano. Ran ashirin da shida bayan la'asar hadarin ya haɗu kamar kullum, amma ranar bai watse ba. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kwanon rufin asibiti ya ɗauki ƙara, ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga. A waje ina jin masu jinya suna tara bokiti suna hamdala. A cikin wannan ƙarar ta cika, a cinyar Yaya Delu. Abin da na samu na riƙe shi ne babban yatsan ƙafarta, ta ƙarƙashin zani, inda ba mai gani.

A zaman makoki ban yi kuka a gaban mutane ba, uwar ɗan fari ba ta yi. Matan da suka maido min da kwano wanke su ne suka fi yabona. "Asabe akwai kawaici," in ji su. "Ko ɗigon hawaye." Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ni ma na ce haka ne, kuma har gobe ban musa ba. Amma ba wanda ya ambaci ƙyanda, ba wanda ya ambaci ƙofa. Atamfar mai ruwan ganye Malam ya ba wata marainiya ran Salla. Ruwa ya zauna a shekarar, doya ta yi kyau ƙwarai.

Tun daga nan duk azumi Yaya Delu takan zo da doya, ta zauna a tsakar gida, mu yi hirar ruwa da tsadar kaya. Ba ta ƙara taka ƙofar ɗakin nan ba, ko da ruwa ya kama ta a waje. Shekara goma sha tara muna haka. Da ciwon ajali ya kama ta na je Beji dubiya. Ta sa aka fita aka bar mu, ta kama hannuna, idonta ya riga ya dushe.

"Asabe, ranar nan me ya hana ki ture ni?"

Na ce, "Kunya, Yaya."

Can ta ce, "Ni na koya miki ita kuwa." Ta juya fuska bango. Na so in ce na yafe, ita ma na san abin da take jira ke nan. Na faɗa, amma sai da na kai bakin ƙofa, kuma ban tabbata ta ji ba. Bayan rasuwarta Sani ya ɗauki kawo doyar, a zatonsa zumunci ne kawai kakarsa ta bar masa. Ban gaya masa ba, ba kuma zan gaya masa ba.

Shekarun baya da annobar nan ta zo aka kulle gari, na ga manyan mutane sun rufe ƙofa sun hana 'yan'uwansu na jini shiga, ana gaisawa ta taga, ba wanda ya ce rashin kunya ne. Ina zaune ina kallo. Matar ɗana kuwa a gabana take kiran ɗanta na fari da sunansa tun daga zaure, ta ɗaga shi ta sumbace shi, in yana mura ta ce kada kowa ya taɓa mata shi. Ƙawayena tsofaffi suna cewa zamani ya lalace. Ni ba na tanka musu.

Tulun yana nan a ƙuryar ɗaki, ya tsage, na hana a jefar. Shekara bakwai yarinyar nan ta yi a duniya, ta ji sunanta a bakin maƙwabta, ta ji shi a bakin mai yankar kati a Zariya, ba ta taɓa jin sa a bakina ba. Surukar da nake jin kunya ta tafi, Malam ya tafi, Yaya Delu ta tafi, ba sauran wanda zai ce idona ya buɗe. Jiya bayan la'asar, da gida ya yi shiru, na tsaya a bakin ƙofar ɗakin na gwada faɗarsa da ƙarfi, yadda ake kiran yaro ya zo ya sha ruwa. Sai da na yi sau uku kafin muryar ta fita.

Zulaihatu. 'Yata ce, ta fari.